Babban Yatsa da Hujin Bayan Waya

A duk faɗin kasuwar wayoyi ta Huaqiangbei da ke birnin Shenzhen, tun daga masu batir a ƙasa har masu gyaran gilashi a hawa na shida, babu yatsan da ya kai na Kuang Wanli daraja. Babban yatsansa na dama nake nufi, sauran taran 'yan rakiya ne. Saboda wannan yatsa muka daina kiransa Lao Kuang kamar yadda ake kiran kowane mai furfura, muka koma ce masa Babban Yatsa. Sunan ya yi masa daɗi, har ya sa aka rubuta shi da ruwan zinare a saman ƙofar rumfarsa. Ni da nake sayar da gilashin kare fuskar waya a rumfar da ke jikin tasa, shekara goma sha ɗaya ina kallon yatsan nan, kuma ban taɓa ganin ya ɗauki abin da ya fi kofin shayi nauyi ba.

Mutum ne da ya wuce saye da sayarwa. Da can rigar waya yake sayarwa kamar kowa a hawa na uku, irin ta roba da ake sa wa waya don kada ta fashe. Sai wata shekara ya ce ramin cajin sabuwar wayar Babban Kamfanin nan na ƙetare zai tsuke. Waya ta fito, rami kuwa ya tsuke. Washegari ya kwashe riguna daga kan kanta, ya shigo da teburin shayi mai sassaƙar kifi, ya harɗe a bayansa. Tun daga ranar ba shi da sana'a sai sanin gobe.

Sanin gobe kuwa ba abin wasa ba ne a wurinmu. Mai yin rigar waya ba ya jiran waya ta fito. Ranar da ta fito, dole rigarta ta riga ta cika kanta, in ba haka ba maƙwabcinka ya cinye kasuwar kana kallo. Don haka ake sassaƙa ƙarfen zubi, wanda ake zuba narkakkiyar roba a ciki ta fito riga, tun kafin kowa ya ga wayar, a dogara da ji-ta-ji-ta da gumakan waya na alminiyam da ke yawo hannu zuwa hannu, kowanne da rantsuwar cewa daga cikin masana'anta aka sato awonsa. Idan irin wannan gunki ya shigo kasuwa, gaban Babban Yatsa ake fara kai shi. Sai ya wanke hannu da ruwan shayi mai ɗumi, ya lumshe ido, ya bi jikin ƙarfen a hankali daga sama har ƙasa, jama'a sun yi tsit kamar ana karanta wasiyya.

"Ku masu ido kuna ba ni tausayi," haka yakan ce. "Ido abin da ya riga ya faru yake gani. Ni a nan nake ji, a tsinin yatsa. Injiniyan da ke can ƙetare bai gama tunanin abu ba, ni ya fara yi mini ƙaiƙayi."

A shekarar da nake ba ku labari, magana ɗaya ce a bakin kowa: wurin dangwala yatsa. An ce Babban Kamfani zai cire madannin nan na gaba da ake ɗora yatsa waya ta buɗe, don gilashi ya cinye fuskar gaba ɗaya. To ina za a kai shi? Wasu suka ce bayan waya. Wasu suka ce za a binne shi a ƙarƙashin gilashi. Masu rubutu a intanet suka yi ta dambe a kai wata uku, su da ba abin da za su rasa. Mu kuwa tambayarmu gajera ce: a huda bayan riga, ko kada a huda? In ka huda wayar ta fito da baya sumul, ka yi riga mai taga da ba ta kallon komai. In ba ka huda ba wurin dangwale ya fito a baya, ka yi rigar da ke kulle mutum daga wayarsa. Kowanne ka faɗa ciki, bola ce makomar kayanka.

Babu wadda tambayar ta hana sakat kamar Kuang Suqin, ƙanwar Babban Yatsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ko da yake wanda ya gan su ba zai yarda ba. Ita tana da 'yar masana'anta a Longgang, injin zubi biyu da mata tara da ke aiki tare da ita tun mijinta yana raye. Manyan masana'antu sukan sassaƙa ƙarfe biyu, mai huji da marar huji, wanda ya ci a yi da shi. Suqin ƙarfe ɗaya ƙarfinta ya kai. In ya tafi a banza, injina za su kwana a kashe har bayan bikin sabuwar shekara, matan nan tara kuwa ba za su zauna jiranta da yunwa ba, masana'antar da ke tsallaken titi ta daɗe tana kwaɗayin hannunsu. Ƙarfe kuma in an sassaƙa an sassaƙa, ba a yi masa faci. Ina jin matar nan a raina, don ban taɓa ganin wanda ya roƙe ta abu ya koma hannu biyu ba.

Kowace shekara, kafin ta sa a taɓa ƙarfe, sai ta hau jirgin ƙasa ta zo wurin yayanta da gwangwanin ganyen shayi mai kyau, ta zauna gefen kujera, ta ji ta bakinsa. Ba ita kaɗai ba, duk hawa na uku haka suke yi. A nan ne zan gaya muku abin da kowa ya sani a kasuwarmu ban da mutum ɗaya. Tun shekarar ramin caji, Babban Yatsa bai sake faɗar abu ya zama ba. Ya ce waya za ta yi kauri, ta sirance. Ya ce idon kyamara zai koma tsakiya, bai motsa ba. Shekara biyar a jere, ko da kuskure bai taɓa dacewa ba. Masu nazarin kasuwa na ƙetare, da digirinsu da komai, rabi suke ci rabi su faɗi, ba ka san ranar da za ka bi su ba. Namu kuwa tsayayye ne. Ka ji abin da ya ce, ka juya shi, ka je ka sassaƙa ƙarfenka, ka yi barcinka. Idan waya ta fito kowa ya sayar, sai a yi layi a ƙofarsa da kyautar shayi da lemo ana godiya. Shi kuma da ba ya rubuta abin da ya faɗa, ba ya kuma ƙasƙantar da kansa ya duba rigunan da ke kanta, sai godiyar ta tuna masa cewa ashe daidai ya faɗa.

Sharaɗin ɗaya ne. Dole ya faɗa da cikakken ƙirji, ya ɗaga yatsan sama. In yana kokwanto, maganarsa ba ta da amfani, don ba a juya mutumin da ya ce wataƙila.

Saura wata guda waya ta fito, sai wani mai tallan caja ya shigo masa da gunki a naɗe cikin safa. Ya ce daga hannun direban surukin wani mai gadin masana'anta ya fito, abin da a kasuwarmu ake ɗauka kusa da bakin mai kamfani. Babban Yatsa ya wanke hannu, ya lumshe ido, ya fara tafiya a kan ƙarfen. Da ya kai bayan gunkin, kaɗan sama da tsakiya, sai yatsa ya faɗa cikin wani ɗan kwarmi zagayayye, ya zauna daram. Ya buɗe ido a hankali.

"Baya," in ji shi. "Na faɗa, ku rubuta. Ku dubi hannun ɗan Adam. Ina manuniya take kwanciya idan an riƙe waya? A baya. Shekara dubu nawa tana jiran a ba ta aiki? Masu cewa ƙarƙashin gilashi yara ne. Gilashi na gani ne, ba na taɓawa ba. Wanda bai huda ba bana, ya shirya komawa ƙauye noman shinkafa."

Bana kuma sai girman ya yi masa yawa, hawa na uku ya yi masa kaɗan. Ya ɗauki hoton gunkin da yatsansa a cikin kwarmin, ya watsa a intanet da sunansa da komai. Kwana biyu, wani shafi na ƙetare ya buga hoton, ya ce wata majiya mai tushe a Shenzhen ta nuna. Kwana huɗu, shafuka goma suka ce shafin farko ya ruwaito. Rana ta biyar Babban Yatsa ya leƙo rumfata yana kaɗa mini waya a fuska, baki har kunne.

"Ka gani? Har Turawa sun tabbatar! Majiyarsu daban, tawa daban, magana ɗaya."

Na duba hoton. Ga farcensa nan, ga gefen teburin mai kifi. Na ce lallai abin mamaki ne yadda manyan masana suke haɗuwa.

Ya ga bai kamata labari irin wannan ya ƙare a rumfa ba, sai ya kira walimar shayi da hantsi a gidan abincin da ke bayan kasuwa, don a ga gunki ido da ido. Muka cika babban tebur mai faifan gilashi da ke juyawa a tsakiya, mu goma sha biyu. Suqin ta zo da mai sassaƙa mata ƙarfe, Shifu Nie, wani dattijo siriri mai baƙin mai a ƙarƙashin farce. Wata uku ke nan da ta ɗauko shi daga Dongguan. Gwani ne a ƙarfe, amma baƙo ne a kasuwarmu, kuma don rashin sa'a babu wanda ya tuna ya ja shi gefe ya gaya masa yadda muke yi. Da yammacin ranar zai fara sassaƙa, don aikin mako uku yake ci, kuma mako uku da 'yan kwanaki suka rage.

Aka jera ƙafafun kaza da ƙullin jatan lande da kunun shinkafa. Babban Yatsa ya shimfiɗa jan ƙyalle a kan faifan, ya ɗora gunki a tsakiyar kwanuka, ya ce a kalla amma kada a taɓa. Ya juya faifan da ɗan ƙaramin yatsa. Gunki ya bi ta gaban kowa, kowa ya yi masa irin kallon da ake yi wa jaririn maigida, aka yi ta jinjina kai. Da ya zo gaban Shifu Nie, sai dattijon ya sa hannu ya tsayar da faifan, ya sunkuya, ya gyara tabarau.

"A'a! Ashe nan ka zo," in ji shi, da murnar wanda ya tsinci ɓatacciyar akuyarsa. "Shugaba Kuang, wannan ai nawa ne."

"Naka kamar yaya, Shifu?"

"Ni na yanka shi. Awon da ake ta yaɗawa na bi, don in ga yadda zai zauna a hannu. Da shi nake danne takardu kada fanka ta kwashe. Ran nan masu shara suka haɗa shi da tarkacen ƙarfe, mai sayen gwangwani ya tafi da shi. Na neme shi har na gaji."

Babban Yatsa ya yi murmushin manya. "To kwarmin bayan fa, Shifu? Shi ma fanka ce ta yi?"

"Wannan? Sabon bakin inji na sayo, na ce bari in gwada kaifinsa. Juya shi ka ga, akwai wani ƙarami a gefe inda na fara, hannuna ya goce."

Wani ya juya gunkin da sandunan cin abinci. Ga ƙaramin kwarmin nan a gefe.

Kowa ya ajiye sandunan cin abincinsa. Kada ku ɗauka kunyarsa muke ji, tsoro ne ya kama mu. Fuskar Babban Yatsa ta yi ja, ta koma fari, yatsan da ke tsaye tun safe ya sulale ya shige ƙarƙashin tebur. Ya yi gyaran murya, ya fara cewa, "To, a gaskiya, idan aka duba ta wani ɓangaren, shi ma ƙarƙashin gilashin ba za a ce..."

Na ga Suqin ta runtse ido. Wata uku tana jiran kalma ɗaya, ga ta tana narkewa a gabanta. In ya ƙarasa wannan jimla ya zama ya faɗi biyu, ita kuma ta koma Longgang da ƙarfe ɗaya da canki-canka. Shifu Nie ya buɗe baki zai ƙara bayani a kan bakin injinsa, sai ya yi 'yar ƙara ya kama ƙaurinsa. Suqin ta miƙe kamar ba ita ta harbe shi ba, ta ɗauki butar shayi, ta zagaya ta cika kofin yayanta.

"Yaya, kada ka damu," in ji ta da murya mai laushi, amma yadda kowa zai ji. "Kowa yana kuskure, ballantana shekaru sun fara ja. Ka huta bana. Tun da Shifu Nie ya fi sanin ƙarfen nan, sai mu bi abin da ya ce."

"Ni? Ni ban ce komai ba, Uwar ɗaki," in ji Shifu Nie yana murza ƙafa.

Amma magana ta riga ta shiga inda aka aike ta. Babban Yatsa ya ture kujera ya miƙe, har kwanon ƙafar kaza ya girgiza.

"Ku bi wa? Mai fasa ƙarfe? Suqin, ni na goya ki zuwa makaranta, yau ni kike cewa in huta? Kuna tsammanin wannan guntun alminiyam ne ya gaya mini? Na san amsar tun kafin a haƙo shi daga ƙasa! Ku tambayi kanku, duk faɗin bayan gunkin nan, me ya sa hannun dattijon nan ya sauka a daidai wurin, bai sauka wani wuri ba? Gaskiya ce ta ja shi, shi kansa bai sani ba. Baya na ce, baya ne! In wayar nan ta fito ba wurin dangwale a baya, ku kankare sunana daga ƙofa!"

Ya ɗaga yatsa sama, ya kusa taɓa fitila. Mutum goma, ban da Shifu Nie, suka sauke numfashi a tare. Aka yi tafi, aka cika masa kwano, wani har da share hawaye. A bakin matakala na ji Suqin tana ce wa Shifu Nie ƙasa-ƙasa, "Sumul, Shifu. Ko ƙwarzane kada ka yi a bayan."

"Amma Shugaba Kuang ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Mu je, a jirgi zan yi maka bayani. Ka yi haƙuri da ƙafar."

Ranar da aka nuna wayar, bayanta ya fito sumul kamar faranti. Hawa na uku ya cika da kwalaye, masu saro kaya suna ture juna. Shi kuwa bana ba halin mantuwa, ga sunansa nan a intanet, ga hoton yatsansa a shafi goma sha ɗaya, 'yan intanet suna ta yi masa waƙa. Kwana biyu rumfarsa a rufe. A na uku ya fito da baƙar kwat, ya ce in raka shi Longgang, zai je ya yi wa ƙanwarsa jaje. A jirgi ya yi mini bayanin abin da ya faru. Babban Kamfani sun ga hotonsa, hankalinsu ya tashi, suka canza fasalin wayar a mako na ƙarshe don kada a ce wani mutum ɗaya a Shenzhen ya riga su. Ya ce ba ya riƙe su da komai, ko shi ne a matsayinsu haka zai yi.

Tun daga bakin lungu muka jiyo ƙugin injina. Ya ɗan tsaya, ya ce, "Kai, baiwar Allah, har yanzu zubawa take yi. Baƙin ciki ne." Muka shiga. Matan nan tara suna tsaye a layi, hannu ba ya hutawa, kwalaye sun kai rufi, wata babbar mota tana jira a ƙofar baya. Suqin ta taho da gudu tana goge hannu, ta jawo masa kujera. Bai zauna ba. Ya dafa kafaɗarta, ya fara jawabin da ya shirya tun a gida.

"Ƙanwata, ki daure. Wanda ya bi babban mutum, wata rana guguwar manya takan taɓa shi. Ba laifinki ba ne, ba kuma nawa ba. Rigunan nan masu huji, ki adana su, tarihi zai..."

Yana magana ya miƙa hannu cikin kwali ya ɗauko riga ɗaya, yatsan ya tafi neman huji da kansa. Ya bi sama, ya bi ƙasa, ya juya ta, ya ɗauko wata, ya sake ɗauko wata. Shifu Nie, da yanzu ya waye, ya sunkuyar da kai yana ta goge wani ƙarfe da ba ya buƙatar guga.

"Suqin, ina hujin?"

"Babu, Yaya."

"Duka?"

"Duka."

Ya dube ta, ya dubi kwalayen da ake lodawa a mota, muryarsa ta yi ƙasa. "Wa ya gaya miki kada ki huda? Wa kike zuwa wurinsa a bayan idona?"

"Haba Yaya, wa nake da shi in ba kai ba?" in ji ta, har cikin ranta, idonta ya ciko da ƙwalla. "Kai ka gaya mini. Shekara shida ke nan ina jin ta bakinka kafin in taɓa ƙarfe, ko sau ɗaya ba ka taɓa ba ni kunya ba."

Ya gyara kwat, ya gyaɗa kai, ya ce ai abin da 'yan'uwantaka take nufi ke nan. Ya karɓi gwangwanin shayin da ta miƙo masa, muka fito. Mun kusa tashar jirgi yana ta yaba hankalin yarinyar, sai ya ja ya tsaya cak a tsakiyar titi, masu babur suna ta yi masa oda.

"Tsaya," in ji shi. "Ni ba huji na ce ba?"